Kafin ka je Circle sayen laftof: Windows, Mac ko Linux?

Ƙanwata da ke zaune a Nima, cikin Accra, ta kwashi adashi, sai ta kira ni: "Yaya, HP zan saya ko Dell?" Na ce ta ajiye maganar suna tukuna, mu fara da babbar manhajar da ke tuƙa kwamfutar. Wata manhajar za ta ɗauke miki wahala ta kuma riƙe linzami, wata za ta miƙa miki linzamin amma sai kin koyi hawa.

Windows ce 'yar gari. Duk mai gyaran da ka tarar a Tiptoe Lane, kasuwar wayoyi da kwamfutoci ta Circle a Accra, ko a Adum in kana Kumasi, ya san ta ciki da bai. In abincinka yana cikin Word da Excel, ko kana zana katin biki da na suna da CorelDRAW, kada ka wahalar da kanka, ita ce taka. Sai dai sauƙin nata da sharaɗi. Tana sabunta kanta, kana iya ɗage lokacin amma ba ka hana shi gaba ɗaya, kuma wanda ke jona kwamfuta da datar waya zai ji a jikinsa in bai shiga saiti ya nuna mata cewa datarsa a ƙidaye take ba. Windows 11 ta gida kuma tana neman intanet da asusun Microsoft tun ranar da za a kunna ta.

Ga inda nake so mai saye ya buɗe ido sosai. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, alhali yawancin kwamfutocin hannu masu araha da ita suka zo. Windows 11 ba ta karɓar kowace na'ura: tana buƙatar abin tsaron da ake kira TPM 2.0, kuma in ƙwaƙwalwar na'urar (processor) ta kamfanin Intel ce, kusan sai zubi na takwas zuwa sama. Gane wannan ba wuya. Ka dubi lambar da ke bayan i5 a sunan ƙwaƙwalwar: i5-6300U zubi na shida ne, i5-8250U na takwas. Ana iya cusa Windows 11 a tsohuwar na'ura ta ƙarfi, ta kuma tashi lafiya a gaban mai shago, amma Microsoft ta ce ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin wannan ba. Ka ce, "Maigida, don Allah buɗe mini in ga lambar," ka karanta da idonka, kada ka tsaya ga takardar da aka manna a jiki.

Mac ta fi kowa ladabi a hannu, kuma waɗanda Apple ta fara yi da ƙwaƙwalwar M1 daga 2020 batirinsu na jurewa, abin da duk wanda ya sha dumsor, wato yawan ɗauke wuta, zai yaba. Amma ba a ƙara musu RAM, ma'ajiyar da ke riƙe aikin da kake yi a lokacin, bayan saye, gyara da tsada, kuma in ta hannu ce, lallai a cire asusun Apple na tsohon mai ita a gabanka, in ba haka ba tana iya kullewa ka rasa yadda za ka yi.

Ni dai zuciyata tana wajen Linux, ba zan ɓoye ba. Linus Torvalds ya fara ta a 1991 yana ɗalibi a Finland, kyauta ce, kuma kai ke cewa yaushe za a sabunta, me za a saka, me za a cire. Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya assasa a 2004, tana fitar da zubi mai dogon tallafi duk shekara 2, a kula da shi shekara 5. Linux Mint a kanta aka gina ta, kuma fuskarta ba za ta ba wanda ya saba da Windows tsoro ba. Har allon rubutun Hausa na Ghana akwai a cikin saitinta, mai ɓ da ɗ da ƙ, abin da ya faranta mini rai ranar da na gan shi. Kuɗin wannan 'yanci shi ne lokacinka. Photoshop da CorelDRAW ba sa hawa kai tsaye, LibreOffice yana buɗe takardun Word amma wani lokaci tsarin shafi ya goce, kuma ranar da firinta ta ƙi, mai yiwuwa kai da intanet za ku warware, don ba kowane mai gyara ya saba da ita ba.

Ba sai ka goge komai ba kafin ka ɗanɗana. Ana saka Mint a filashi, a tayar da kwamfuta daga cikinsa, ka gwada sauti da Wi-Fi da kyamara, ka zare, komai ya koma yadda yake.

Ƙanwata lissafin shago take yi da Excel, don haka zubi na takwas mai Windows 11 da RAM 8GB muka ɗauka. Tsohuwar laftof ɗin gida kuwa, wadda Windows 11 ta ƙi, na saka mata Mint ranar Asabar, yanzu yaran na koyon buga rubutu a kanta bayan an taso daga makarantar allo.