Blyde ko Fish: amsa ga mai kwana biyar bayan kwas a Johannesburg

Malam, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce za ka je kwas Johannesburg a watan Yuli, uwargida da yara biyu za su iske ka in an gama, kuna da kwana biyar, kana so ka san inda ya fi dacewa tsakanin kwazazzabon Kogin Blyde da na Kogin Fish. Na ga wasu sun ce maka Fish, wai shi ne mafi girma a Afirka. Girman kam ba a musu. Amma ni Blyde zan tura ka.

Mu fara da hanya, don ita ce za ta cinye maka kwanakin. Blyde yana lardin Mpumalanga, cikin Afirka ta Kudu, bizar da ke hannunka ta wadatar. Daga Johannesburg zuwa Graskop, ƙaramin garin da akasarin baƙi ke sauka, kimanin kilomita 400 ne a kan kwalta. Ka tashi bayan asuba, azahar a can za ta same ka. Fish kuwa yana kudancin Namibiya, wata ƙasa ce daban mai bizarta daban. Sai kun hau jirgi zuwa Windhoek, ka yi hayar mota, ka nausa kudu fiye da kilomita 600, ka wuce Keetmanshoop, sannan kwalta ta ƙare ka shiga hanyar tsakuwa, inda za ka daɗe ba ka haɗu da mota ko gidan mai ba. Zuwa da dawowa kaɗai sun kwashe kwana huɗu daga cikin biyar ɗinka. Duk ƙasashen biyu a hagu ake tuƙi, ka sa wannan a ranka kafin ka karɓi makulli.

To me ido zai gani?

Fish tsawonsa kilomita 160, kusan tazarar Kano zuwa Zariya, faɗinsa ya kai kilomita 27 a wani wurin, zurfinsa kuma mita 550. Babu itace, babu inuwa, dutse ne jajaye da baƙaƙe har iya ganinka, kogin yana can ƙasa ya lanƙwashe kamar maciji. A watan Yuli ma ba gudu yake sosai ba, yawanci tafkuna ne a jejjere. In ka tsaya a bakinsa kusa da sansanin Hobas lokacin faɗuwar rana, tasbihi zai zo bakinka ba tare da ka shirya ba. Sai dai ga inda gizo ke saƙa: an hana baƙon yini ɗaya sauka ciki. Daga sama za ka leƙa, ka zagaya wuraren kallo, ka ɗauki hoto, a rabin yini ka gama. Ainihin Fish na masu tafiyar ƙafa ne. Suna sauka daga wajen Hobas su bi gindin kogin har Ai-Ais, kimanin kilomita 85, kamar ka taka daga Kaduna zuwa Zariya a kan yashi da duwatsu, kwana huɗu zuwa biyar, abincinka da shimfiɗarka duk a bayanka, kwana a fili. Ana buɗe hanyar daga farkon Mayu zuwa tsakiyar Satumba kawai, saboda sauran shekara zafi kan haura digiri 40, ga barazanar ambaliya. Ba a barin ƙasa da mutum uku su shiga, kowa sai ya kawo takardar likita, ba a ɗaukar ƙananan yara, gurbi kuma tun watanni kafin lokaci ake kama shi. Ka ga wannan ba tafiyar mai iyali ba ce.

Abin da zan yaba wa Fish shi ne Ai-Ais. A harshen Nama sunan na nufin ruwa mai ƙuna, kuma ba su yi ƙarya ba, ruwan yana ɓuɓɓugowa da zafin kusan digiri 60, sai an kai shi wuraren wanka ya huce. Wanda ya saba da Wikki ta Yankari, mai ɗumin digiri 31, kada ya ɗauka abu ɗaya ne.

Blyde ƙarami ne in aka jera su, tsawonsa wajen kilomita 26 kacal, amma ya fi zurfi, kusan mita 800, kuma kore ne shar. Abin da ya sa na zaɓa muku shi, komai a jere yake a kan titi guda da ya tashi daga Graskop ya yi arewa. Ka ajiye mota, ku taka kaɗan, ku gani, ku koma mota. Akwai wurin da ake kira God's Window (sunan da aka raɗa masa ke nan, ba da bakina ba), inda tsauni ya yanke tsaye kana hango ƙasa shimfiɗe har nesa, wajen gandun dajin Kruger. Gaba kaɗan sai Bourke's Luck, mahaɗar Kogin Treur da Blyde, inda ruwa ya yi ta juya yashi da tsakuwa shekaru aru-aru har ya fafe dutse ya bar ramuka kamar turame. An yi gadoji a kai, yara za su so wurin, amma a riƙe hannunsu. Sunayen kogunan ma da labarinsu. A 1844 wata tawagar Turawan Buwa (Boer, fararen manoma 'yan asalin Holland) ƙarƙashin Hendrik Potgieter ta tafi neman hanyar teku ta daɗe ba ta dawo ba, waɗanda aka bari suka fid da rai, suka sa wa kogin da suke zaune Treur, wato baƙin ciki. Da suka haɗu da su a rafi na gaba sai suka kira shi Blyde, wato murna. Yanzu a hukumance Motlatse ake ce masa, za ka ga sunan a wasu allunan hanya, kada ka ɗauka ka ɓata.

Sai duwatsun nan uku da ke cikin kowane hoto, Three Rondavels. Duk wanda ya tashi a karkara yana ganinsu zai ce rumbuna ne aka kifa wa jinka. A ƙarƙashinsu akwai dam, ana shiga jirgin ruwa daga ɓangaren Swadini, a ga dorina da kada, a wuce ta gaban ruwan Kadishi mai gangarowa daga tsayin mita 200. Wannan ku ba shi yini guda, domin sai an zagaya an sauka daga tsaunin kafin a kai bakin ruwan. In da sauran lokaci, ga ruwan Lisbon mai zubowa daga mita 94, ga Pilgrim's Rest, tsohon garin masu haƙar zinariya tun 1873 da aka bar shi da gidajensa na kwano. Ni dai garin bai burge ni can ba, awa ɗaya ta ishe shi.

Aibin Blyde hazo ne. Na taɓa zuwa a watan Janairu, tsakiyar daminarsu, na biya kuɗin shiga, na tsaya a bakin tsauni ban ga ko tafin hannuna ba. Kai ka yi sa'a, Yuli rani ne a can, sama garau. Amma lokacin sanyinsu ne, sanyin da ya fi na Jos a watan Janairu, a tanadar wa yara riguna masu kauri. Aibi na biyu cunkoso, motocin 'yan yawon buɗe ido kan cika wuraren kallo da hantsi, ku riga su. A kuma kula da birai, suna fizge abinci a hannu.

Batun ci da salla, nan ma Blyde ya fi sauƙi. A Mbombela, babban birnin lardin, akwai masallaci da wuraren cin halal, ku yi sayayya a can ko tun daga Johannesburg, ku kama masauki mai kicin a Graskop. A kudancin Namibiya gari da gari nesa ne, abin da za a sa maka a gaba yawanci naman daji ne da ba ka san yankansa ba, sai ka koma kifin gwangwani da burodi. Kuɗi kam ba matsala, ana karɓar rand, kuɗin Afirka ta Kudu, a Namibiya, darajarsa ɗaya da dalarsu.

Da ni ne, ga yadda zan raba kwanakin: ranar farko hanya, ta biyu titin Graskop tun da sassafe, ta uku jirgin ruwa, ta huɗu mu shiga Kruger ta ƙofar Phabeni kusa da Hazyview yara su ga giwa da raƙumin dawa, ta biyar mu juyo. In har Fish ya tsaya maka a rai, ka nemi abokai biyu masu ƙarfin gwiwa a cikin wannan zaure, ku kama gurbi tun bana don baɗi, ka fara atisaye da jaka a baya. Ni a cire ni a lissafi, gwiwata ta dama ba za ta yarda ba.