Gargaɗi ga magidantan Zamfara kan masu ɗaura kyamarar gida suna riƙe akawun ɗinta

Assalamu alaikum. Ina jan hankalin magidanta a Gusau, Ƙauran Namoda, Talata Mafara da sauran garuruwanmu game da wasu masu tallar kayan tsaron gida a WhatsApp da Facebook, waɗanda ba su da shago tsayayye, ba sa ba da rasit, kuma lambar wayarsu takan daina shiga bayan 'yan watanni. Kayansu sun haɗa da kyamara mai siffar ƙwan fitila, da mai sola wadda ake sa wa layin waya, da makullin ƙofa da ake buɗewa ta manhaja. Halin tsaron da muke ciki ya sa kowa yana son ya san wanda ya tsaya a ƙofar gidansa cikin dare, kuma da wannan tsoron suke cin kasuwarsu.

Maganarsu kusan ɗaya ce: "Alhaji, ko kana Makka za ka ga tsakar gidanka a waya, ɗaurawa kuma kyauta ce." A cikin ɗaurawar nan ta kyauta zambar take. Irin waɗannan kyamarori ana haɗa kowace da akawun a cikin manhajar kamfanin da ya ƙera ta, kuma wanda ya fara yi mata rajista da imel ɗinsa ko lambar wayarsa shi manhajar ta sani a matsayin mai ita. Mai ɗaurawa sai ya yi rajistar da nasa akawun tun kafin ya iso gidanka, sannan ya karɓi wayarka ya ba ka izinin kallo a matsayin baƙo. Kai da ka ga hoto ya fito sai ka biya kuɗi ka yi godiya, ba ka san cewa ikon juya kyamarar, da sauraron magana ta makirfon ɗinta, da sauke bidiyo, da cire ka gaba ɗaya, duk yana hannunsa ba. Tamkar kafinta ne ya sa maka ƙofa ya tafi da mabuɗin, ya bar maka izinin shiga sai lokacin da ya ga dama.

Bayan wata biyu ko uku hoto yakan ɗauke, idan ka kira sai a ce maka wa'adin rajista ya ƙare, ka turo kuɗin sabuntawa. Gaskiya ne wasu kamfanoni suna karɓar kuɗin wata don ajiye bidiyo a rumbunsu na intanet, amma wannan ana biyansa ne a cikin manhajar kamfanin, kuma kallon kai tsaye a yawancin kyamarori ba ya buƙatarsa. Kuɗin da aka ce ka tura akawun ɗin bankin wani mutum, kuɗin fansar kayanka ne kake biya.

Asarar kuɗin ita ce mafi sauƙi a wurina. Gidan Bahaushe yana da zaure, kuma akwai iyakar da baƙo namiji ba ya ƙetarewa, amma sai ga shi maigida da hannunsa ya kafa ido a tsakar gida, inda matansa da 'ya'yansa mata suke zama ba mayafi, ya miƙa wa wanda bai san unguwarsu ba. Ƙari a kan haka, wanda ke kallon ƙofarka kullum ya san lokacin fitarka masallaci da asuba, da daren da motarka ba ta kwana gida ba, da hanyar da yara suke bi zuwa Islamiyya. A jihar da kowa ya san ɓarnar da masu kai wa 'yan bindiga rahoto suka yi, wannan bayani ba abin da za a bar wa baƙo ba ne. Ban ce duk mai ɗaura kyamara mugu ne ba, akwai masu sana'a na gaskiya a Gusau, kuma alamarsu ita ce za su zaunar da kai ka buɗe akawun da kanka.

Ko manyan kamfanoni ba su tsira daga wannan ba. A watan Mayu na 2023 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sa kamfanin Ring mai ƙera kyamarorin tsaron gida, mallakar Amazon, ya amince da biyan dala miliyan 5.8, bayan ta zarge shi da sakacin da ya ba wani ma'aikacinsa damar kallon dubban bidiyon mata a ɗakunan kwanansu da banɗakunansu a 2017. A 2014 kuma wani shafi mai suna Insecam ya riƙa nuna kyamarori kimanin 73,000 daga ƙasashe daban-daban kai tsaye, don kawai masu su ba su canza kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani ba. Idan haka ta faru inda ake da hukuma mai bibiya, ina ga kyamarar da ko sunan kamfani babu a kwalinta?

Masu tallar nan suna kuma rantsuwa cewa kayansu ba sa tsayawa, alhali mu 'yan Zamfara ba ma buƙatar a ba mu labari. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar nan tsawon makonni saboda matakan tsaro, kuma duk na'urar da aikinta ya dogara ga intanet ba ta da amfani a irin wannan lokaci, haka ma idan data ta ƙare ko wuta ta ɗauke batir ya mutu. Kamfanin ma yana iya rufewa: a watan Afrilu na 2022 kamfanin Insteon na Amurka, mai ƙera na'urorin gida da ake sarrafawa ta manhaja, ya kashe rumbunsa na intanet ba sanarwa, masu kayansa suka wayi gari manhajarsu ba ta aiki. Don haka makullin da ba shi da mabuɗin ƙarfe na ko-ta-kwana bai kamata ya hau ƙofar kowa ba, kyamara kuma a nemi mai katin memori wadda take ɗauka ko babu intanet.

Wanda aka riga aka ɗaura wa, ya buɗe manhajar ya duba ko shi ne mai na'urar ko an raba masa ne kawai. Idan an raba masa ne, ya cire ta daga wuta yau, ya nemi mai ɗaurawa ya goge ta daga akawun ɗinsa a gabansa, domin a nau'o'i da yawa danna maɓallin da ke mayar da ita sabuwa ba ya raba ta da akawun na farko. Daga nan ya yi rajista da lambarsa, ya sa kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani, ya canza kalmar sirrin Wi-Fi ɗin gidan, kuma ya mayar da kyamarar ƙofar waje. Idan mutumin ya ƙi ko ya nemi kuɗi, a adana saƙonninsa da shaidar tura kuɗi a kai wa 'yan sanda. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta kafa hukumar NDPC mai karɓar ƙorafi a kan irin wannan, hukumar FCCPC kuma tana sauraron koken masu sayen kaya.