TImageCollection da TVirtualImageList: yadda na same su a wurin aiki

Duk wanda ya daɗe yana rubuta manhajar Windows da Delphi (yare da kayan aikin rubuta manhaja) ya san TImageList. Ka zuba ƙananan hotunan maɓallai a ciki, kowanne ya samu lambarsa tun daga 0, sai maɓalli ko menu ya kira nasa ta ImageIndex. Sharaɗinsa shi ne dole hotunan su zama girma ɗaya, galibi fiksel 16. Lokacin da kusan kowace fuskar kwamfuta take kan DPI 96 (wato ɗigo 96 a kowane inci), babu mai kuka. Yanzu kuwa wani ya ɗaga tasa zuwa kashi 150, inda aikon (ƙaramin hoton maɓalli) mai fiksel 16 yake bukatar zama 24, wani kuma yana kan kashi 200, inda ake son 32. In ba a tanadi wannan ba, ko dai aikon ya ƙanƙance sai an zura ido, ko a ja shi ya dusashe.

Maganin da aka kawo a RAD Studio 10.3 Rio (kunshin da Delphi ke ciki) a shekarar 2018 shi ne raba aikin gida biyu. TImageCollection ne ma'aji: hoto ɗaya, sunansa ɗaya, amma da girma daban-daban a ƙarƙashinsa. TVirtualImageList kuma shi ke zama a kan fom (tagar manhajar da ake tsarawa), ya ɗauko girman da ya fi dacewa da fuskar da ake kai. Na ajiye ma'ajin a DataModule guda (wurin ajiye kayan da ba sa bayyana a fuska), kowane fom ya samu nasa TVirtualImageList. Abin da ya fi burge ni shi ne lokacin da na ja tagar manhajar daga fuskar laftof zuwa babbar fuskar da ke gefe: aikon ɗin adanawa ya sauya girma nan take, gefensa tsaf, ba tare da na rubuta ko layi ɗaya ba. Tunda kuma TVirtualImageList tushensa ɗaya da TImageList, tsofaffin maɓallai sun karɓe shi ba gardama.

Sai dai kayan ba za su zana maka hoto ba. In ka ba su 16 kaɗai, ja za su yi, dusashewar tana nan. In kuma ka ba su ƙato ɗaya ka ce su rage, siraran layuka sukan narke a ƙaramin girma. Ni dai PNG nake sawa a 16, 24, 32 da 48, wahalar tana wajen mai zane.

Inda nake da ƙorafi shi ne fayil ɗin DFM, inda Delphi ke adana tsarin fom ko DataModule. Hotunan a cikinsa ake ajiye su, a matsayin dogayen layukan lambobi, don haka aikon ɗaya ka canza, Git, manhajar bin diddigin sauye-sauyen fayiloli, zai nuna maka shafi guda da ba mai iya karantawa. In mutum biyu suka taɓa ma'ajin lokaci ɗaya, haɗa aikinsu sai haƙuri. Shi ya sa DataModule ɗin nan ba na saka komai a cikinsa sai hotuna, asalin fayilolin PNG kuma suna babban fayil nasu daban.

Wani abu kuma: ka ba hotunanka suna mai ma'ana tun farko. Sababbin fitowar Delphi suna da ImageName, wanda ke haɗa maɓalli da hoto ta suna, ko an sauya jeri ba ya rikicewa. Ga tsohuwar manhaja mai fom da yawa, ƙaura daga TImageList zuwa waɗannan za ta ci lokaci. Sabon aiki kuwa da waɗannan biyun nake fara shi.