Yaya, kafin in sako maka injin wanke-wanken nan a kwantena

Assalamu alaikum Yaya, da fatan an yi sallah lafiya, ya Hajiya da ƙafar tata, ya Anti da yara. Na ga saƙonka tun ranar Talata kan maganar injin wanke kwanuka da kace in nemo maka na hannu in haɗa da kayan da za su taho a kwantena, ban amsa da wuri ba ne saboda ina so in zauna in baka labarin abin da namu ya yi mana cikin azumin nan, don in ka ji shi kai da kanka zaka auna.

Ranar sha bakwai ga azumi ne, mun yi baƙin shan ruwa kusan mutum goma sha biyu, ƴan uwa ɗalibai da wasu maƙwabtanmu ƴan Zinder da muke haɗuwa a masallaci a unguwar Bury Park nan Luton ta Ingila, aka ci aka sha aka tafi tarawih, Maman Amira ta loda kwanuka ta kunna inji kamar kullum. Da muka tashi sahur ta buɗe sai ga ruwa kwance a ƙasansa, ruwan ja-ja da maiƙon manja a sama, wari kuma ba a magana, gaban injin yana ta ƙifta wani harafi da lamba, in ka sake kunnawa sai kaji yana gurnani ƙasa-ƙasa amma ruwan ko motsi baya yi. Ita kuma tana da aikin safe, nima haka, toh ranar dai da hannu aka wanke komai kuma a tsaye, da azumi a baki.

Abin da ya fara zo min shi ne abin da zan yi da a gida nake, wato in kira mai gyara. Na kira wurare uku. Na farko yace zuwa kawai da duba injin fam 85, banda kuɗin kayan da za a canza, kuma sai nan da kwana tara zasu samu sarari. Na biyu ya ɗan fi sauƙi amma da ya tambayi shekarun injin nace shida, sai yace shi shawararsa in sayi sabo. Na uku bai ma ɗauka ba. Kuma Yaya ba wai cuta suke ba, haka ƙasar take, lokacin mutum shi ne abu mafi tsada, mai gyaran yana biyan haraji da inshora da man mota da kuɗin fakin, sa'a ɗayarsa ta fi kayan da zai saka maka kuɗi. Sabon inji mai arha kuwa wajen fam 250 zuwa 300 zaka samu a kawo maka har gida, shi yasa mutane da yawa da zarar abu ya tsaya basa wani dogon tunani. Kuma tsohon ma sai ka biya hukumar gari kafin a zo a ɗauke maka, ko ka loda a mota ka kai wurin tara shara da kanka, alhali mu can ƴan gwangwan ne zasu biyo ka har ƙofar gida su ɗora a sikeli su baka kuɗi.

Ni dai zuciyata bata yarda in yar da inji sukutum saboda ruwa ya ƙi fita ba. Bayan la'asar na cire shi daga soket, wannan shi ne farko kuma don Allah ko waye zai taɓa irin injin nan ya fara da nan, ruwa ne da wuta a wuri ɗaya. Na kwashe ruwan da kofi, sauran na tsane da soso, na murɗo rariyar da ke ƙasa, hawa uku ce, akwai mai manyan ƙofofi da mai ƙanana kamar gwangwani da kuma shimfiɗaɗɗiyar, duk sun yi dumu-dumu da shinkafa da ɓawon tattasai. A ƙarƙashinta akwai wani ɗan murfin roba, in ka ɓalle shi da bayan cokali zaka ga farfelar famfon da ke fitar da ruwa, ƴar ƙarama ce bata fi kwabo ba. Na haska da tocilar waya sai ga ƙwallon dabino ya maƙale a tsakanin fukafukanta, gefensa kuma ɗan guntun gilas na kofin shayi. Allah ya taimake ni na haska kafin in zura yatsa. Na zaro su da hantsaki, na mayar da komai, injin ya zuƙe ruwa tas, muka yi hamdala.

Kwana biyu ya yi sai ga ruwan ya sake kwanciya. Wannan karon na bi tiyon da ke kai ruwan datti zuwa bututun ƙarƙashin sinki, na kwance shi a bokiti, wallahi Yaya manja ne ya daskare a ciki kamar kyandir, ƙofar da ya rage bata fi ta biro ba. Ka san sanyin ƙasar nan, man da yake ruwa a tukunya da ya shiga tiyo mai sanyi sai ya kama jikinsa, kuma waɗanda suka ƙera injin ba da miyar agushi ko taushe mai manja suka gwada shi ba. Na yi ta ɗura ruwan zafi har ya buɗe. Duk da haka ruwan yana fita ne a hankali kamar mai ciwo, da na sake duba farfelar sai naga fiffike ɗaya ya karye tun lokacin ƙwallon dabinon, kuma tana lilo a kan sandarta. Na ari mitar gwajin wuta wurin maƙwabcina na gwada koyil ɗin famfon, lafiyarsa lau, wato abin da ya lalace ƴar robar nan ce kawai.

A nan ne na tuna gida sosai. Da a Kano ne, wani yaro a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari zai ɓalle famfon ya nemo farfela daga wani mataccen injin wanki ya goge ta ta zauna daidai, ko da koyil ɗin ne ya ƙone akwai mai naɗa shi da hannu kamar yadda ake wa fanka da injin jan ruwa, ka bashi na goro ka tafi. A nan babu mai sayar maka da farfela ita kaɗai kuma babu mai zaman naɗa koyil, famfon gaba ɗaya ake cirewa a jefar a sa wani. Amma fa inda suka fi mu nesa ba kusa ba shi ne samun kayan. A gefen ƙofar injin daga ciki akwai ƴar takarda da aka manna mai lambar samfurinsa, na ɗauki hotonta, na rubuta lambar a shafin masu sayar da kayan gyara, sai ga zanen injin an warware shi ɗaiɗai, kowane noti da kowace roba da lambarta da kuɗinta. Famfon na asali fam 42, wanda wani kamfani ya kwaikwaya fam 19. Na ɗauki na asalin don bana son in sake kwance injin nan da wata uku. Na yi oda daren Alhamis, Asabar da hantsi yana ƙofar gida, da rasit da damar mayarwa in bai yi daidai ba. Babu yawon rana, babu "dawo gobe oga ya fita", babu a baka tsoho a cikin kwalin sabo.

Kuma ba alheri ne kawai na kamfanoni ba, doka ce. Tun watan Yuli na 2021 Birtaniya ta wajabta wa masu ƙera irin waɗannan injuna su ajiye kayan gyara bayan sun daina fitar da samfuri, Tarayyar Turai ta riga su da ƴan watanni, a Maris na shekarar. Na injin wanke kwanuka, manyan kaya irin su moto da famfo da hita da allon lantarki shekara 7 ne ga ƙwararrun masu gyara, ƙananan da kowa zai iya canzawa kamar robar ƙofa da rariya da kwanduna da hannuwan da ke fesa ruwa shekara 10, kuma a kawo cikin ranakun aiki 15. Famfo yana cikin na ƙwararru a dokar, amma shagunan intanet masu zaman kansu suna sayar wa kowa.

Sakawar bata yi wuya ba sai dai ta koya min wani abu. Na rufe famfon ruwa, na jawo injin, na kwantar da shi ta baya a kan tsohon bargo, na kwance farantin ƙasa, notinansa masu kan tauraro ne don haka sukundireban da muka saba da shi baya kamawa sai da na sayo nasu. Famfon ko noti babu, wata ƴar maɗauri zaka danna ka murɗa shi kaɗan ya fito a hannunka, ka zare wayar ka soka a sabon. Minti ashirin na gama. Ina kunnawa sai injin ya hau jan ruwa ba tsayawa, ko ƙofa na buɗe baya dainawa, ga wata sabuwar lamba a gaba, gabana ya faɗi nace shikenan na ɓata abin da hannuna. Ashe lokacin da na kwantar da shi ragowar ruwa ne ya zube a farantin ƙasan, kuma akwai wani ɗan farin soso mai taso kan ruwa da aka sa a wurin don gane yoyo, da ya taso sai injin ya ɗauka yana zuba ne ya rufe shigar ruwa ya yi ta fitarwa. Na sake buɗewa na goge da tawul, na bar shi ya bushe zuwa isha, daga ranar har yau bai sake ko tari ba. Duka abin da na kashe bai kai fam 55 ba.

Toh yanzu maganar taka. Ta fannin wuta babu matsala da na Ingila, 230 ne kamar namu, filoginsa mai baki uku ne irin na gida da fis mai amfiya 13 a ciki, ba kamar na Amurka mai 120 ba, wanda in wani yace zai turo maka daga can kar ka karɓa. Ruwa ma baya ci, lita 10 ko makamancin haka yake wanke kwanukan yini guda, ko rabin jarkar mai garuwa bai kai ba, wannan kam Anti zata ji daɗinsa. Sai dai shi yake dafa ruwansa da kansa, lokacin da hitar ta kama yana jan wajen wat 2000, ƙaramin janareto ba zai ɗauka ba, inbatarka ma sai ka duba ƙarfinta, kuma tsarin da ya fi tattalin wuta sai ya yi awa uku ko fiye yana aiki. Allon lantarkinsa kuma baya son wutar da ke hawa da sauka, dole sai da sitabilaiza mai ƙarfi, kuma allon nan shi ne mafi tsada a jikinsa.

Sannan ƙarfin ruwa. Yawancinsu suna neman aƙalla rabin "bar" a ma'aunin ƙarfin ruwa, wato tankin sama ya ɗara injin da kamar mita biyar, in bai kai ba zai yi ta jiran ruwa ya gaji ya tsaya sai dai a sa ƙaramin famfon ƙara ƙarfi. In ruwan bohol ɗinku na zuwa da yashi sai an sa abin tace ruwa a hanya. Ga sabulunsa na daban ne, in aka zuba omo ko sabulun ruwa na wanke-wanke kumfa zai cika kicin, akwai kuma gishirinsa mai manyan ƙwayoyi wanda ba na miya ba. Mu nan Luton ruwanmu daga ƙarƙashin duwatsun alli ake zuƙo shi, in baka zuba gishirin ba kofuna fari-fari suke fitowa kuma ƙofofin hannun feshin su toshe sai ka bi su da tsinken sakace. Kuma ka faɗa wa Anti tun yanzu, ƙanzon tukunyar tuwo sai an jiƙa an kankare, shi injin baya cire wannan.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da ƴar farfela irin tawa zata karye a Kano. Masu gyara kam kuna da su waɗanda suka fi na nan hannu da haƙuri, amma injin ba kowane gida yake ba balle a samu matattunsa a kasuwa a ciri kaya, sai ya zauna wata da watanni ana jiran mai tahowa daga nan. Don haka in har zan sako, ba zan sayi tsohon da ya haura shekara huɗu ba, zan zaɓi samfurin da ya yawaita, kuma a cikin kwandonsa zan cusa famfon fitar da ruwa guda ɗaya, bawul ɗin shigar ruwa, robar ƙofa, rariya, sukundireba mai kan tauraro da sabulun da zai kai ku shekara. Kai kuma ka sa a auna min daga gindin tanki zuwa ƙasan kicin mita nawa ne, ka ɗauko min hoton takardar jikin inbata da na janareto ka turo kafin ƙarshen wata, don masu kwantenar sun ce farkon watan gobe zasu rufe lodi. A gaida Hajiya sosai, a ce mata maganin shafawar nata yana cikin kayan.