Ina Za Ku Ajiye Minit Ɗin Taronku: Google Docs, Notion ko Confluence?

Ƙungiyoyi da ƙananan ofisoshi da dama a Gombe WhatsApp suka mayar ma'ajiyar minit. Sakatare ya ɗauki hoton littafi ya tura, kafin isha'i gaishe-gaishe da sanarwar ɗaurin aure sun binne shi. In wata ya zagayo aka ce wa aka ɗora wa karɓo kuɗin hayar shago, sai kowa ya dubi na kusa da shi. Abin da kuke bukata shafi ne guda da kowa zai iya buɗewa ya ga aikin, da sunan mai yinsa, da ranar da zai gama.

In mambobinku da waya suke aiki, wani a Kumo, wani a Dukku, ni Google Docs, manhajar rubutu ta Google, zan ce ku ɗauka. Kyauta ne, asusu ɗaya na da gigabait 15, rubutu zalla kuwa ba ya cin wuri. Ana iya saita fayil ya buɗe ko babu sabis, sakatare ya yi rubutunsa, sabis na dawowa ya hau. Ka rubuta sharhi ka sa @ da imel ɗin ma'aji, za a aika masa saƙo cewa aikin nasa ne. Kuma yana adana tarihin gyara, don haka babu mai sauya abin da aka yanke a ɓoye. Inda yake da rauni shi ne tsari: fayiloli na watsuwa in ba a tara su a folda ɗaya ba. Sannan ku buɗe asusun da sunan ƙungiya, kada na sakatare ya zama shi ne rumbun. Ranar da ya sauka daga muƙami za ku gane amfanin haka.

Notion ya fi Google Docs iya bin sawun ayyuka, teburinsa na ware waɗanda aka gama da waɗanda suka makara. Sai dai a tsarin kyauta ba a ɗora fayil da ya wuce megabait 5, tarihin gyara kuma kwana 7 ne kacal. Na biya da dala ne, kowane mutum da kuɗinsa, ga yadda canji yake.

Confluence na kamfanin Atlassian ya dace da ofis mai kwamfutoci. Yana da shafin minit shiryayye, da gurbin ajanda da na ayyuka. Mutum 10 ne kyauta, da gigabait 2. Ku ƙirga kanku tukuna, domin na 11 na shigowa kowa sai an biya masa.

MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke kanta, kyauta ce, amma sai da saba, wato kwamfutar da za ta riƙe ta a intanet, da mai kula da ita. In ba ku da ma'aikacin kwamfuta na dindindin, ku bar ta.

Kafin ku biya ko sisi, ku ba dattijon cikinku wayarsa ku ce ya nemo minit ɗin watan jiya. In ya samo ba tare da an taya shi ba, manhajar ta yi muku.