Dragon Age: Origins da labarin Dagna, 'yar maƙeran da ta ƙi guduma

Kamfanin BioWare ya fitar da wannan wasa a 2009 don kwamfuta da Xbox 360 da PlayStation 3, kuma mai son gane ƙimarsa ya duba wani ɗan aiki na gefe a Orzammar, birnin wadanni na ƙarƙashin ƙasa.

A birnin, sana'a gado ce: ɗan maƙeri maƙeri ne har ya mutu, wanda kuma ya fita doron ƙasa ya zauna ya rasa matsayinsa. Dagna 'yar Janar ce, mai shagon sulke da makamai a kasuwar birnin. Ita kuwa hankalinta na kan ilimin sihiri, alhali wada ba ya iya sihiri ko kaɗan. Wadanni ba sa mafarki, ba su da alaƙa da duniyar ruhohi inda masu sihiri ke samo ƙarfinsu. Shi ya sa wasan ba ya barin ka zaɓi wada mai sihiri tun farko, sai mayaƙi ko ɗan sari-ka-noƙe. Dagna ta san wannan sarai. Nazari take so, ba ikon jefa wuta ba, kuma nan marubutan suka burge: ba su karya dokar duniyarsu don su faranta mata ba.

Aikin kansa gajere ne. Ka same ta a kasuwa, ka karɓi saƙonta, ka tafi hasumiyar masu sihiri a tafkin Calenhad, ka nemi izinin shugabansu Irving, ka dawo mata da amsa. Inda ake tuntuɓe shi ne tsarin tafiya. Sai an gama rikicin aljanun da suka mamaye hasumiyar tukuna, kuma Irving ya tsira da rai. Wanda ya bari aka hallaka masu sihirin ya rufe mata wannan ƙofa. Mafi sauƙi a fara da hasumiyar kafin a sauka Orzammar. Akwai kuma damar lallashinta ta zauna gida, amma ko an yi hakan, a Dragon Age: Inquisition, wasa na uku a jerin da ya fito a 2014, ta dawo gwanar haɗa ƙira da sihiri a sansanin Skyhold. Gudumar da ta gudar wa ita ta sake ɗauka, da wani ilimi daban.

Aibin wasan a kwamfuta yake. Manhajar 32-bit ce, ba ta cin fiye da 2GB na RAM, don haka bayan sa'o'i ana wasa lodi yakan yi nauyi, hotuna su lalace, wasan ya mutu, musamman a kasuwar birnin Denerim. Maganinsa facin 4GB da ake sa wa fayil ɗin wasan, da rage ingancin zane zuwa matsakaici. A riƙa danna F5 don ajiye ci gaba kafin shiga kowace unguwa. Ramukan Deep Roads, tsoffin hanyoyin wadanni na ƙarƙashin ƙasa, kuma sun cika tsawo, faɗa bayan faɗa.

Mai saye ya nemi Ultimate Edition na 2010, wanda ya haɗa da Awakening da sauran ƙarin labarai. Na kwamfuta ya fi, saboda kyamarar sama da ke nuna filin faɗa gaba ɗaya, wadda babu ita a Xbox da PlayStation.