Hutun kwana 4 na ma'aurata a Algarve bayan baƙi sun watse: abin da kuɗinku zai saya

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Maris kamfanonin tafiye-tafiye na cika intanet da tallar gajeren hutu a Algarve, wato gaɓar tekun kudancin Fotugal. Tsarin kusan iri ɗaya ne: tikitin jirgi zuwa Faro, babban birnin yankin, kwana 3 ko 4 a otal, karin kumallo, wani lokaci da motar da za ta ɗauko ku daga filin jirgi. Hoton tallar ma ba ya canjawa, miji da mata ne a kan yashi, rana na dukan ruwa. Hasken ranar gaskiya ne. Ruwan ne ba za ku shiga ba. Wannan hutu ya cancanci kuɗinsa ga ma'auratan da ke son shiru, tattaki da cin abinci babu layi, amma wanda ya saye shi don iyo ya yi asara tun kafin jirgi ya tashi.

A fara da yanayi, tun da shi ake saye. A Janairu zafin rana a gaɓar yakan tsaya wajen digiri 16, da dare ya sauka zuwa 8 ko kusa da haka. Ruwan Atlantika a lokacin yana tsakanin digiri 15 da 16, sanyin da ke sa ƙafa ta mutu cikin 'yan mintuna. Oktoba daban ne: iska na kai digiri 23, teku kuma bai gama sakin ɗumin lokacin zafi ba, yana wajen 20, don haka iyo na yiwuwa. Nuwamba da Disamba su ne watannin da aka fi ruwan sama, kuma a hutun kwana 4 rana biyu ta ruwa ta cinye rabin tafiyar. Idan zaɓi na hannunku, farkon Oktoba ya fi, sai Maris. Fabrairu na da nasa kyau, lokacin ne itatuwan almon ke fidda fararen furanni a cikin ƙasa. Ku tuna kuma da gajartar yini: ana mayar da agogo baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, a Disamba kuwa ƙarfe 5 da 'yan mintuna rana ta faɗi. Duk wani fita mai nisa a fara shi da safe.

Babban kuskuren masu sayen wannan kunshi shi ne barin kamfani ya zaɓa musu gari. Mafi arha yawanci otal ne a unguwannin da aka gina domin baƙi kaɗai, a gefen Albufeira ko Praia da Rocha. A Agusta nan ne cibiyar hayaniya, a Janairu kuwa sai ku tarar da layin shaguna a garƙame, gidan abinci ɗaya ko biyu ne ke buɗe a duk titin. Garin da mutanensa ke zaune a cikinsa duk shekara shi ne abin nema. Lagos ta yamma (ta Fotugal ake nufi) tana da tsohon gari mai ganuwa, daga nan kuma da ƙafa za ku kai Ponta da Piedade, inda aka shimfiɗa hanyar katako a saman duwatsun gaɓa. Tavira ta gabas ta fi natsuwa, kogin Gilão ya ratsa ta, sai dai rairayinta na kan tsibiri, dole a hau jirgin fito, kuma jigilar na raguwa sosai a lokacin sanyi. Ga kwana 4, Lagos ta fi bayar da abin gani ba tare da wahalar mota ba.

Sai ɗaki, kuma a nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Gine-ginen Algarve an yi su ne don korar zafi: daɓen tayil, farin bango, tagogi marasa kauri, yawancinsu babu bututun ɗumama gida irin na arewacin Turai. Sakamakon haka da rana waje ya fi ciki ɗumi, da dare kuma ɗakin ya yi sanyi da laima, tawul ya kwana bai bushe ba, wani lokaci har da warin danshi a kabad. Kafin ku biya, ku rubuta wa masaukin tambayoyi uku. Esin ɗakin yana hura ɗumi, ko sanyi kaɗai yake yi? Kuɗin wutar na cikin farashi, ko ana lissafa shi daban? Barandar kudu take kallo? Ɗaki mai kallon kudu yana shan rana kusan duk yini, mai kallon arewa ba ya ganinta ko kaɗan a Disamba, ko da an rubuta cewa yana kallon teku. Tafkin wanka na waje da ke cikin hoto yawanci ba a ɗumama shi, sai an faɗi ƙarara cewa akwai na cikin gini mai ɗumi, kuma a tambaya ko yana aiki a ranakun da za ku zo, domin lokacin sanyi ne otal-otal ke yin gyare-gyare. Idan gidan haya ne ba otal ba, ku nemi lambar rajistarsa ta AL, wadda doka ta wajabta wa masu saukar baƙi na ɗan lokaci.

Kunshin da ya haɗa da abinci sau uku bai dace da wannan tafiya ba. Idan baƙi sun yi kaɗan, abin da ake jerawa a teburin otal yakan ragu, ga shi kuma ya ɗaure ku wuri ɗaya. Karin kumallo kaɗai ya isa. A gidajen abinci za a ajiye muku burodi, zaitun da cuku ba ku nema ba. Ba kyauta ba ne, idan kun ci za a sa a lissafi, idan ba ku so ku ce a ɗauke, ba abin kunya ba ne a can. Gasasshen kifi shi ne abin da yankin ya fi iyawa, amma sardin kifin lokacin zafi ne, a Janairu ku nemi dourada ko robalo. Masu kiyaye naman alade su yi tambaya kafin su yi odar cataplana, dahuwar da ake yi a tukunyar tagulla mai murfi, domin sau da yawa ana jefa busasshen naman alade a ciki, ana kuma zuba giya a romon.

Zirga-zirga ba ta da wuya. Daga Faro zuwa Lagos kusan kilomita 90 ne, awa ɗaya a babbar hanyar A22, wadda aka cire wa kuɗin hanya tun 1 ga Janairun 2025. Motar haya na yin arha sosai a wannan lokaci, amma farashin da ke kan allo ba shi ne ƙarshe ba: za a riƙe kuɗin jingina a katin bashi na direba, kuma da yawa ba sa karɓar katin cirar kuɗi na yau da kullum. Yawancin motocin masu giyar hannu ne. Ku ɗauki hoton kowane ƙarzane kafin ku fita, ku zaɓi tsarin karɓa da cikakken tanki a mayar da cikakke. Jirgin ƙasa na bin gaɓar daga Lagos zuwa Vila Real de Santo António, Faro zuwa Lagos kusan awa 1 da minti 45. Aibinsa shi ne wasu tashoshin na nesa da gari, ta Albufeira tana Ferreiras, kusan kilomita 6 daga bakin teku.

Abin da ya fi komai biyan kuɗin tafiyar kyauta ne: hanyar tattaki daga Praia da Marinha zuwa Vale Centeanes, kusan kilomita 6 zuwa kaɗai, a saman gaɓar dutse. A Yuli zafi da cunkoso na ɓata ta, a Fabrairu kuwa sai ku yi tafiya mai nisa ba ku haɗu da kowa ba. Ku sa takalmi mai riƙe ƙasa, domin bayan ruwan sama jar ƙasar na santsi. Kogon Benagil yana kan wannan hanya, amma tun 2024 an hana shiga cikinsa da iyo ko sauka a yashinsa, shiga sai a kwale-kwale mai lasisi ko tare da jagora. Idan teku ya yi fushi ana soke fitar, don haka a sa ta a rana ta farko ko ta biyu, a samu damar sakewa. Cabo de São Vicente, ƙuryar kudu maso yammacin nahiyar Turai, wurin kallon faɗuwar rana ne, da iskar da ke bukatar rigar sanyi ta gaske.

Hatsari biyu ne tallar ba ta ambata. Bayan lokacin wanka ya ƙare, yawancin rairayin babu masu ceto, igiyar ruwa kuma ta fi ƙarfi. Na biyu, dutsen gaɓar mai laushi ne, ruwan sama na ƙara raunana shi. A Agustan 2009 wani ɓangarensa ya rufto a Praia Maria Luísa kusa da Albufeira, mutum 5 suka mutu. Kada a shimfiɗa tabarma a gindin dutse don fakewa daga iska. Lambar gaggawa 112 ce.

Akwai 'yan kuɗaɗen da ba sa cikin kunshi. Ƙananan hukumomi da dama na karɓar harajin baƙi a masauki, yuro 1 ga kowane mutum a dare daga Nuwamba zuwa Maris, yuro 2 a sauran watanni. Tikiti mai arha sau da yawa ƙaramar jaka kaɗai ya ƙunsa, kayan sanyi na mutum biyu kuwa ba sa shiga cikinta. Wanda ke bukatar bizar Shengen, wato bizar shiga Fotugal da wasu ƙasashen Turai, zai biya yuro 90, ya nuna inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, ya kuma ba da aƙalla kwana 15 na jira, saboda haka kada a sayi kunshin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. A na'urar cirar kuɗi ko wajen biya da kati, idan aka tambaye ku da wane kuɗi za a lissafa, ku zaɓi yuro, canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi tsada.